Sarki Nikolas Na Biyu Na Rasha Da Ma'anar Mulkin Mutum Ɗaya

Da editan wannan mujalla tamu ya aiko mini cewa bana ni ne zan cike filin tarihin mashahuran mutane, sai na tuna da wani tsohon bashi da malaminmu na Tarihi yake bi na tun muna aji biyar. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da ya ba mu gwaji, tambayar farko ita ce mu faɗi ma'anar kalmar nan ta Turawa, wato otokirasi. Ni kuwa ban yi wata-wata ba na rubuta cewa mulkin azzalumin sarki ne. Da ya dawo mana da takardunmu sai na ga maki biyu cikin biyar, ga kuma tambaya da jar biro a gefe, wai in sarkin ba azzalumi ba ne fa? Na yi ta gunaguni a ɗakin kwana cewa Malam ya ƙware ni. To, yau ga shi na zo in biya bashin nan, zan kuwa biya shi ne da labarin Nikolas na Biyu, sarkin Rasha na ƙarshe.

Asalin kalmar daga harshen Girka take. Kashinta na farko yana nufin kai, na biyu kuma yana nufin iko, wato dai mai iko da kansa. Abin nufi shi ne tsarin da ragamar ƙasa duka take hannun mutum guda, babu majalisar da za ta hana shi, babu kotun da za ta soke hukuncinsa, babu kuma zaɓen da zai sauke shi. A yawancin ƙasashe wannan kalma zagi ce da abokan hamayya kan jefi shugaba da ita. A Rasha kuwa ta wancan zamani tana cikin laƙabin sarauta, ana rubuta ta a kan takardun hukuma, sarki kuma yana alfahari da ita. Shi ya sa na ga babu wanda ya dace da wannan bayani kamar Nikolas.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Nikolas a shekarar 1868 a Tsarskoye Selo, wani garin fada da ke kusa da babban birnin ƙasar na lokacin, San Fitasbag. Gidansu, wato gidan Romanof, yana kan gadon sarautar Rasha tun 1613. Kakansa, Sarki Alekzanda na Biyu, shi ne ya 'yanta manoma fiye da miliyan 20 a 1861, waɗanda a da suke zaman bayin gandu a gonakin masu ƙasa. A watan Maris na 1881 'yan juyin juya hali suka jefa masa bom a kan titi. Aka kwaso shi zuwa fada ƙafafunsa a ragargaje, Nikolas yana ɗan shekara 12 yana tsaye a ɗakin har rai ya yi halinsa. Wani abin takaici, a safiyar ranar ce marigayin ya amince da wani shiri na shigo da wakilan jama'a cikin masu ba gwamnati shawara.

Mahaifin Nikolas, Alekzanda na Uku, yana hawa gado ya jingine wannan shiri. Darasin da ya ɗauka shi ne sassauci ne ya kashe ubansa. Ya kuma ɗora wa ɗansa wani malami mai suna Pobedonostsev, babban jami'in da ke kula da al'amuran coci, mutumin da ya ƙi jinin majalisa da zaɓe da 'yancin jarida. Wannan malami ne ya cusa wa yaron cewa mulki amana ce da Ubangiji Ya danƙa wa sarki shi kaɗai, ba shi da ikon ya ɗebi wani abu daga cikinta ya ba wani. Mu riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Nikolas ya tashi yaro mai ladabi da kunya, yana jin Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, yana son faretin soja da farauta. Amma uban bai ja shi a jiki cikin sha'anin mulki ba, don yana ganin da sauran lokaci. Kwatsam a 1894 ciwon ƙoda ya kashe uban yana da shekara 49. Nikolas, mai shekara 26, ya fashe da kuka a gaban wani ɗan'uwansa, yana cewa shi bai shirya ba, bai ma san yadda ake magana da ministoci ba. A watan nan ne kuma ya auri Alekzandira, gimbiya Bajamushiya, jikar Sarauniya Biktoriya ta Ingila.

Yadda ya riƙe mulki

Mutane sun yi zaton sabon sarki matashi zai sassauta. A watan Janairu na 1895 wakilan majalisun gundumomi suka zo mubaya'a, wasunsu sun riga sun rubuto cikin ladabi suna roƙon a riƙa jin ta bakin jama'a. Nikolas ya karanta musu amsa daga takarda, ya kira wannan buri nasu mafarkin banza, ya ce zai riƙe mulkin mutum ɗaya daram kamar yadda mahaifinsa ya riƙe.

A bikin naɗinsa a Mosko, cikin Mayu na 1896, aka tara talakawa a wani filin atisayen soja mai ramuka don a raba musu kyautar kofuna da abinci. Jita-jita ta bazu cewa kayan ba za su isa ba, aka yi turmutsitsi, mutum fiye da 1,300 suka mutu. A daren ranar jakadan Faransa ya shirya liyafar rawa. Nikolas bai so zuwa ba, amma baffanninsa suka matsa masa cewa kada a ɓata wa Faransa rai, ya je. Daga baya ya zaga asibitoci duba waɗanda suka ji rauni, sai dai abin da talakawa suka riƙe shi ne sarki ya yi rawa gawarwaki suna kwance.

A nan ne zan ɗan tsaya, domin wannan ɓangare ne ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati. Ƙidayar 1897 ta nuna ƙasar tana da mutum wajen miliyan 125, ta miƙe tun daga Folan har gaɓar tekun Fasifik. Da aka kawo wa Nikolas takardar ƙidaya, a gurbin sana'a sai ya rubuta cewa shi ne mai ƙasar Rasha. Amma mai wannan ƙasa duka ba shi da sakatare na kansa, don yana tsoron kada wani ya shiga tsakaninsa da ikonsa. Shi ke karanta takardunsa, shi ke rubuta amsa, har ambulan shi ke liƙewa. Ƙananan koke-koke, irin na mai neman canza suna ko mai neman raba aure, sai sun hau teburinsa. Kafin 1905 babu firayim ministan da ke haɗa kan ministoci. Kowane minista yakan shiga wurin sarki shi kaɗai, ya karanta rahotonsa, ya fito, bai san abin da aka gaya wa na gabansa ba. Ta haka ma'aikatar kuɗi takan ja gabas, ta cikin gida ta ja yamma, kowacce kuma da sa hannun sarki.

Har ila yau Nikolas ba ya son gardama ido da ido. Minista zai kawo masa magana mai ɗaci, ya saurare shi da fara'a, ya sallame shi da girmamawa, mutum ya koma gida ya tarar da takardar sallama daga aiki. Sergei Witte, ministan kuɗin da ya tsaya kan shimfiɗa dogon layin jirgin ƙasa na Saiberiya, ya kuma daidaita darajar kuɗin ƙasar a kan zinariya a 1897, an kawar da shi a 1903, bayan ya yi ta gargaɗi game da kutsen da ake yi a gabas mai nisa. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke da Jafan.

Shekarar 1905

Yaƙin nan ya tona asirin gwamnati. Tashar Port Arthur ta faɗa hannun Jafanawa a Janairu na 1905. Rundunar jiragen ruwan yaƙi da aka taso tun daga tekun Baltik, wasu jiragenta suka kewaye Afirka, ta yi wata bakwai a hanya, Jafanawa suka nutsar da mafi yawanta cikin kwana biyu a mashigin Tsushima a watan Mayu. Wa aka kira ya je Amurka ya ƙulla sulhu? Witten nan da aka kora.

A cikin gida kuma, ranar Lahadi 22 ga Janairu 1905, dubban ma'aikata da matansu da 'ya'yansu suka nufi fadar sarki a San Fitasbag, wani limamin coci mai suna Gapon yana gaba. Suna ɗauke da hotunan sarki, suna waƙoƙin addini, za su miƙa masa takardar koke kan awoyin aiki da albashi da wakilci. Sojoji suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu ko suka ji rauni. Nikolas ba ya cikin birnin a ranar, ba shi ne ya ba da umarnin harbi ba, ya kuma rubuta baƙin cikinsa a littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum. Amma wanda ya ce shi kaɗai ne mai ƙasa, wa zai nuna wa yatsa? Duk laifin ya dawo kansa. Talakan da a da yake cewa sarki uba ne, fadawa ne miyagu, daga ranar ya daina faɗin haka.

Yajin aiki ya game ƙasa, jiragen ƙasa suka tsaya, manoma suka shiga ƙone gidajen masu ƙasa. A watan Oktoba, ba da son ransa ba, Nikolas ya sa hannu a kan wata sanarwa da ta yi alkawarin 'yancin magana da na taro, da majalisar dokoki da aka kira Duma. Sai dai da ƙura ta lafa, dokokin tushe da aka fitar a 1906 suka bar masa laƙabin nan nasa na mai iko shi kaɗai, kalmar marar iyaka kawai aka cire. Shi ke naɗa ministoci, shi kaɗai suke yi wa bayani. Soja da hulɗa da ƙasashen waje suna hannunsa, yana kuma iya rushe majalisa ran da ya ga dama. Duma ta farko ba ta cika wata uku ba ya rushe ta. Ta biyu ma ya rushe ta a 1907, aka sake dokar zaɓe yadda masu ƙasa za su rinjayi manoma da ma'aikata. Firayim minista Stolypin, wanda ya murƙushe tawaye da ƙarfi amma ya so ya mallaka wa manoma gonakin kansu, an harbe shi a gidan wasan kwaikwayo a birnin Kiyef a 1911, sarki yana wurin. Kafin nan ma zumuncinsu ya riga ya yi sanyi, domin Nikolas ba ya sakewa da ministan da sunansa ya yi amo.

Larurar gida ta zama ta ƙasa

Allah Ya ba Nikolas 'ya'ya mata huɗu, sa'an nan a 1904 aka haifi namiji, Alekse, magajin gado. Ba a daɗe ba aka gane yaron yana da cutar nan da jini ba ya tsayawa in an ji rauni, ko tuntuɓe ya yi sai ya kwanta rai a hannun Allah. Iyayen suka ɓoye wa jama'a. Cikin wannan hali wani baƙauye ɗan Saiberiya mai da'awar waliyyaka, Rasfutin, ya shigo fada, uwar kuma ta yi imani cewa addu'arsa ce ke ceton ɗanta. Duk mai ɗa zai tausaya musu. A ƙasar da iko yake a rarrabe, da wannan ya tsaya a matsayin larurar iyali. A Rasha kuwa, tunda komai daga kunnen mutum ɗaya yake fitowa, duk wanda ya sami kunnen matarsa ya sami ƙasa.

Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. Jamusawa suka ragargaza wata rundunar Rasha a Tannenberg tun a watan farko, a 1915 kuma aka ja da baya daga Folan, sojoji suna ƙarancin bindigogi da harsasai. Mafi yawan 'yan Duma suka haɗa kai suka roƙi a kafa gwamnatin da jama'a za su amince da ita. Nikolas ya dakatar da zaman majalisar. Ya kuma yanke shawarar zai karɓi jagorancin soja da kansa. Ministoci takwas suka sa hannu a wasiƙa guda suna roƙonsa kada ya yi, domin daga ranar duk kashin da aka sha a fagen fama sunansa za a kira. Bai ji ba, a hankali ma ya sallami da yawa daga cikinsu. Ya tafi hedkwatar soja a Mogilev, ya bar babban birni a hannun matarsa, ita kuma tana sauraron Rasfutin. Daga ƙarshen 1915 zuwa farkon 1917 mutum huɗu suka riƙe muƙamin firayim minista, sauran ma'aikatu ma haka ake ta sauya musu shugabanni, har aikin gwamnati ya rasa mai bin diddiginsa.

Ga misali guda na abin da sa hannu ɗaya kan jawo. A tsakiyar 1916 aka fitar da umarnin sarki cewa a kwashi mazajen Musulmin Asiya ta Tsakiya zuwa aikin ƙarfi a bayan fagen daga, ana tsakiyar aikin gona, ba tare da an tuntuɓi mutanen yankin ba. Tawaye ya tashi, aka murƙushe shi da jini, dubbai suka hallaka, Kirgizawa da yawa suka tsere ta kan duwatsu zuwa ƙasar Sin. A watan Disamba na wannan shekara wasu 'yan gidan sarauta da muƙarrabansu suka kashe Rasfutin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ƙarshensa

A watan Maris na 1917, wanda a kalandar Rasha ta lokacin Fabrairu ne, matan da suka gaji da layin burodi cikin sanyi suka fito zanga-zanga a babban birni, ma'aikata suka bi su. Shugaban Duma ya yi ta buga wa sarki tangaraho cewa gari ya rikice, a kafa sabuwar gwamnati tun da sauran dama. Nikolas ya ɗauki abin surutu ne, ya ba da umarni a kwantar da tarzoma. Sojojin birnin suka juya suka bi jama'a. Da ya kama hanyar gida aka tare layin dogo, jirginsa ya karkata zuwa garin Pskov. A can manyan janar-janar ɗinsa suka aiko masa ɗaya bayan ɗaya cewa ya sauka. Ranar 15 ga Maris, a cikin taragon jirgi, ya sa hannu da fensir ya yi murabus, shi da ɗansa, ya miƙa wa ƙanensa Mika'il. Washegari ƙanen ya ƙi karɓa. Sarautar shekara 304 ta ƙare ke nan, kusan babu wanda ya ɗaga bindiga don kare ta.

Aka tsare shi da iyalinsa, da farko a fadarsu, sa'an nan a Tobolsk cikin Saiberiya, daga baya a Yekaterinbag. Ingila, inda ɗan'uwansa Sarki Joji na Biyar yake mulki, ta yi tayin mafaka, daga baya ta janye. Masu gadinsa sun shaida cewa ya zauna da haƙuri, yana faskaren itace, yana koya wa ɗansa tarihi. A daren 16 wayewar 17 ga Yuli 1918, 'yan Bolshebik suka saukar da su wani ɗakin ƙasa suka harbe su, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar da likitansu da barori uku. Yana da shekara 50. Wannan kisa ta'asa ce da babu abin da zai wanke ta. Sai a 1998 aka binne ƙasusuwansa a San Fitasbag, a 2000 kuma cocin Rasha ta sa shi da iyalinsa cikin waliyyanta.

Kada kuma mu manta da abin da ya biyo baya. Majalisar da jama'a suka zaɓa don tsara sabuwar ƙasa, zama ɗaya ta yi a Janairu na 1918, mutanen Lenin suka rufe ta. Bayan 'yan shekaru iko ya sake tattaruwa a hannun Stalin, wanda ya hallaka miliyoyi. An kawar da mutumin, an bar tsarin, tsarin kuwa ya sami wanda ya fi shi ƙeta.

Amsar tambayar Malam

To Malam, ga amsata bayan shekaru. Ba zan wanke Nikolas ba, an zubar da jini da sunansa, ya kuma kau da kai daga kisan gillar da aka riƙa yi wa Yahudawa a ƙasarsa. Amma a halinsa na mutum ba dodo ba ne. Mai son iyalinsa ne, mai riƙo da addininsa, ba ya kwana da takarda a tebur, shi ne ma ya kira taron zaman lafiya na duniya da aka yi a birnin Heg a 1899. Duk da haka ya kai ƙasarsa ga halaka, saboda a duk faɗin Rasha babu mai ikon ce masa a'a maganar ta zauna. Ma'anar mulkin mutum ɗaya ke nan. Ana gane shi ne ta wurin tambayar wa zai iya tsayar da shugaba in ya yi kuskure. Halin shugaban, nagari ne ko mugu, wannan sa'a ce kawai, ƙasa kuwa ba a gina ta a kan sa'a.

Ban fahimci wannan a aji ba, a ofis na fahimce shi. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani shugaba mai gaskiya, wanda ko sisin gwamnati bai taɓa ci ba. Amma saboda bai yarda da kowa ba, ko takardar sayen man janareta sai ta jira sa hannunsa. Wata rana ya kwanta asibiti, fayil ɗin hakkin wata gwauruwa da mijinta ya rasu yana bakin aiki ya yi mako shida a kan teburinsa. Kullum tana zuwa da goyo ta zauna a benci, kullum ni nake fitowa in ba ta haƙuri, alhali mu huɗu ne a ofishin da muka san abin da ya kamata a yi, babu mai izinin yi. A ranakun nan ne jar biron Malam ta riƙa dawo mini.

'Yan'uwa, cikinmu yau akwai shugabannin makarantu, akwai daraktoci, akwai masu sarauta, akwai masu kamfanoni, kowa kuma maigida ne a gidansa. Ita kanta ƙungiyar nan tamu, mu duba, aiki nawa ne ke tsayawa cik in mutum guda ya yi tafiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya tambayi kansa, wane ne a ƙarƙashina zai iya gaya mini na yi kuskure, ya kuma kwana da aikinsa? In babu, to a yi gyara tun kafin a kai Pskov.

Ina fata Malam zai duba wannan takarda ya ƙara mini sauran maki ukun nan.